Labaran masu jiran rataya: gaskiya suke faɗa ko tausayinmu suke sata?

Ɗanjuma: Salamu alaikum jama'a. Na gama littafin da Malama Rabi ta zaɓar mana na wannan watan, *Le Dernier Jour d'un condamné* na Victor Hugo marubucin Faransa, labarin mutumin da ke jiran a zartar masa da hukuncin kisa, kuma zan faɗi abin da ke raina ko za a yi mini ca. Wayo aka yi mana. Mutum ya zubar da jini, da bakinsa ya faɗa, amma tun daga farko har ƙarshe ba a gaya mana sunansa ba, ba a gaya mana wa ya kashe ba, balle dalili. Sai dai a kulle ka cikin kansa kana jin bugun zuciyarsa, a kawo maka 'yarsa 'yar shekara uku ta kasa gane shi, kai kuma ka yi ta matsar ƙwalla. To gawar fa? Shi mamacin ba shi da 'ya? Matsayina ke nan: labaran da ake rubutawa a kan masu jiran kisa duk kanwar ja ce, a ɓoye mamaci a tallata mai laifi. Mai ja, bismillah.

Aminu ɗalibi: Yau akwai kallo. Yaya Ɗanjuma ya shigo da zafinsa tun ba a sauke shayi ba.

Isufu Damagaram: Wa alaikumus salam. Ɗanjuma, bari in ƙara maka makami kafin in karɓe shi. Mu a lise, wato sakandare, muka karanta shi da Faransanci. Ka duba babi na 47, wanda aka sa wa suna "tarihina". Nan ne ya kamata mutumin ya faɗi abin da ya aikata. Kana buɗewa sai ka tarar da 'yar sanarwa, wai ba a samu takardun wannan babin ba. Ke nan ba mantuwa Hugo ya yi ba, da gangan ya cire. A 1829 littafin ya fito babu sunansa a kai, a 1832 ya yi masa doguwar gabatarwa ya fito fili ya ce yaƙi yake da hukuncin kisa ɗungurungum, ba don mutum ɗaya ba. Wanda ya gaya maka ga inda ya dosa, ka ce ya yi maka wayo?

Kuma wurin yarinyar nan, ni har yau yana taɓa ni. "Monsieur" take ce masa, ta ce ai babanta ya mutu. Mu a nan Nijar kalmar "mushe" muke furta ta. Sai ka ga abin ya zo daidai da Hausa: mutum da ransa, 'yarsa na kiransa mushe.

Ɗanjuma: Malam Isufu, ɓarawon da ya yi sallama kafin ya haura katanga sunansa ɓarawo.

Malama Rabi: Ɗanjuma, ka haɗa magana biyu wuri ɗaya, mu raba su. Ta farko, shin marubutan nan suna ɓoye mamaci? Wasu suna yi, ban musa ba. Ta biyu, shin abin da suke faɗa game da abin da ke faruwa a zuciyar mai jiran kisa ƙarya ne? Nan ne ba zan bi ka ba.

Ɗauki Dostoevsky na Rasha. Shi ba ji ya yi ba. A Disambar 1849 aka fito da shi da abokansa dandalin Semyonov a birnin Petersburg, aka karanta musu hukuncin harbi, aka ɗaure ukun farko a jikin turaku, sojoji suka ɗaga bindigogi. Shi yana cikin ukun da za su biyo baya. Sai ga saƙon Sarki Nicholas na Ɗaya cewa an sassauta. Ashe tun asali an shirya haka, don a gasa musu aya a hannu. Ya yi shekara huɗu yana aikin wahala a kurkukun Omsk a Siberiya. Ɗaya daga waɗanda aka ɗaure a turakun, Grigoriev, hankalinsa bai sake dawowa daidai ba.

Bayan kusan shekara 20 ya zuba abin a littafinsa *The Idiot*. Akwai mutumin da ya rage masa minti biyar, sai ya kasa su: biyu na bankwana da abokai, biyu na tunanin kansa, ragowar na kallon duniya. Idonsa ya maƙale a kan hasken rana da ke ƙyalli a rufin wata majami'a, ya kasa ɗaukewa. Yana ta raya wa kansa cewa da za a mayar masa da ransa, ko minti ɗaya ba zai ɓata ba. Abin da ya sa na yarda da labarin shi ne abin da ya biyo baya: an mayar masa da ran, kuma ya ci gaba da ɓarnar lokacinsa kamar kowa. Mai neman satar tausayinka ba zai rubuta wannan ba.

Ɗanjuma: Malama, Dostoevsky ɗan siyasa ne aka kama saboda taron karatu, bai kashe kowa ba. Dole a tausaya masa. Ni maganar makasa nake yi.

Malama Rabi: Ai tsoron bai san laifi ba. Amma saurari hujjarsa, don ita ce gindin muhawarar. A bakin Myshkin, tauraron littafin, ya ce wanda 'yan fashi suka rutsa a daji, har wuƙa ta hau wuyansa yana sa ran tsira, yana gudu ko yana roƙo. Wanda aka karanta wa hukunci kuwa an ƙwace masa wannan sa ran. Ya san tabbas nan da awa ɗaya, nan da minti goma, nan da rabin minti. A wurinsa wannan tabbacin ya fi ciwon jiki azaba.

Ustaz Nura: Allah ya ƙara sani Malama. Ina da gyara ɗaya. Yawancin littattafan nan daga Turai suke, kuma mutanen cikinsu ba su ga komai a bayan ramin kabari sai duhu. Dole su firgita haka. Mu muna da Khubaib, Allah ya yarda da shi. Da mutanen Makka za su kashe shi ya nemi a bar shi ya yi raka'a biyu, ya yi, ya ce ba don kada su zaci tsoron mutuwa yake ba da ya tsawaita. Yana cikin Bukhari. To wanne ne ainihin halin ɗan Adam a gaban kisa, na Hugo ko na Khubaib? Kada mu ɗauki firgicin wasu mu mayar da shi doka a kan kowa.

Isufu Damagaram: Allah gafarta Malam, Dostoevsky ai mai addini ne, Linjila ce littafin da ya riƙe a kurkuku. Kuma mu nawa ne Khubaib?

Ustaz Nura: Ban ce muna da yawa ba. Na ce akwai, kuma marubutan ba sa kawo irinsa.

Aminu ɗalibi: Ni fa ina da tambaya, kada a yi mini dariya. Shaharzad ta *Dare Dubu da Ɗaya* ba mai jiran kisa ba ce? Kullum gari ya waye hauni na iya zuwa. Dare dubu da ɗaya, kusan shekara uku ke nan, har da haihuwar 'ya'ya uku a ciki. Amma ba inda aka ce ta rame ko ta zauce. Kakata ta sha saurare a rediyo, ba ta taɓa cewa "wayyo baiwar Allah" ba.

Malama Rabi: Aminu, ba abin dariya ba ne, ka taɓo wuri. Tsofaffin labarai ba sa shiga cikin ƙirjin wanda za a kashe. Sarki ya ce a sare, hauni ya zare takobi, wani mai hikima ya yi magana, a fasa ko a sare, labari ya wuce. A tatsuniyoyinmu ma haka ne. Shiga cikin ƙirjin, a zauna a ƙirga numfashi, shi ne sabon abin da su Hugo suka kawo. Shi ne kuma abin da ya ɓata wa Ɗanjuma rai.

Ɗanjuma: Ya ɓata mini rai ne don ƙirji ɗaya ake shiga. Malam Isufu, kai da ka yi Faransanci, faɗa musu sunan Balaraben da Meursault, tauraron littafin Albert Camus, ya harbe har aka yanke masa kisa.

Isufu Damagaram: Ba shi da suna. Nan kam ka kama ni. *L'Étranger*, 1942. Harbi ɗaya, sannan ya ƙara huɗu a jikin gawa, a bakin teku a Aljeriya, kuma har littafi ya ƙare "Balarabe" kawai ake cewa. Sai a 2013 wani ɗan Aljeriya, Kamel Daoud, ya rubuta littafi a bakin ƙanen mamacin, ya raɗa masa suna Musa. Shekara 71 gawa na jiran suna. Amma ka lura, wanda ya biya wannan bashin shi ma marubucin labari ne. Ke nan laifin ba na adabi ba ne, na wanda ya riƙe alƙalami ne.

Kuma duk da haka akwai abin da Camus ya gani. Meursault ya san da asuba ake zuwa ɗaukar mutum. Sai ya daina barcin dare, ya kasa kunne, ko ƙaramin motsi ya ji a bakin ƙofa sai ya manna kunnensa a jikin katako. In gari ya waye ba a zo ba, ya ce ya ci ribar awa 24.

Baba Audu: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, jikata ce ke taya ni rubutu don idon ya yi rauni. Ni ban karanta ko ɗaya daga littattafan nan ba. Gandiroba ne ni, shekara 31 na yi kafin in ajiye, tara daga ciki a sashen waɗanda aka yanke wa kisa. 'Yan kwandam muke ce musu. Wannan na kasa kunne da asuba da Malam Isufu ya faɗa, wallahi haka yake. Wanda ya rubuta ya san abin.

Amma wancan na Rasha, da ya ce tabbas ita ce azaba, ina ganin minti biyar ya yi shi ya sa. A wurinmu babu tabbas. Mutum ba ya sanin rana. Ba wanda zai gaya masa, mu kanmu ba mu sani ba sai takarda ta zo. Rashin sani ya fi dare duhu, shi ke cinye su.

Akwai wani, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Kullum kafin kiran assalatu ya tashi, ya ninke bargonsa, ya sa rigarsa mai dama-dama, ya ɗora kwanonsa a kan bargon, ya zauna yana fuskantar ƙofa. Wai kada a zo a same shi a wulaƙance. In ya ji an buɗe ƙofar waje ya ji ƙarar bokitin kunu, sai ya tuɓe rigar ya ninke. Shekara goma sha ɗaya yana haka. Na canza takalmi sau ɗaya, sabo mai ƙara, na shigo zagayen dare. Da safe ya kira ni ya ce, "Yallaɓai, don Allah in za ka sake takalmi ka riƙa faɗa mana." Ashe duk layin ba wanda ya runtsa, sun ji takun da ba su sani ba.

Malama Rabi: Inna lillahi. Baba, sannu. Allah ya saka da alheri.

Barista Hauwa: Baba ya faɗi abin da kotuna suka daɗe da ganewa, marubuta kuma ba su cika taɓawa ba. Labari yana son dare ɗaya, agogo na tafiya, ƙarfe huɗu ta buga a rufe littafi. Na Hugo makonni shida ne kacal. A zahiri shekaru ne. A 1993 kotun ƙoli ta masarautar Ingila da ke sauraron ƙararrakin Jamaika ta yanke, a shari'ar Pratt da Morgan, cewa a ajiye mutum fiye da shekara biyar yana jiran rataya azabtarwa ce, a mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Su biyun sun yi kusan shekara 14, kuma sau uku ana karanta musu takardar kisa ana fasawa.

A Japan sai da safiyar ranar ake sanar da mutum. Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe, an yanke masa kisa a 1968, aka sake shi a 2014, kotu ta wanke shi a Satumbar 2024 yana da shekara 88, ta ce ƙirƙirar hujjoji aka yi. Ko zaman kotun bai iya halarta ba saboda hankalinsa ya taɓu, yayarsa mai shekara 91 ce ta tsaya masa.

Mu a Najeriya fiye da mutum 3,000 ke wannan layin. Gwamnoni ba sa son sa hannu. Na ƙarshe da aka sani shi ne mutum uku a jihar Edo a Disambar 2016. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce wanda ya gama ɗaukaka ƙara, ya yi shekara goma ba a zartar ba, babban alƙalin jiha na iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai. "Na iya" aka ce, ba "dole" ba.

Isufu Damagaram: Mu a Nijar tun 1976 ba a zartar ba, amma kotuna na ci gaba da yankewa. Chadi ta soke a 2020, Ghana ta cire shi daga manyan laifuka na yau da kullum a 2023.

Ɗanjuma: Barista, duk na ji. Amma wannan hujja ce a kan jinkiri, ba a kan hukuncin ba. A sa hannu da wuri mana, a huta. Yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, kotu ta yanke rataya a Yulin 2022. In wani ya zauna ya rubuta mana littafi a kan yadda makashinta ke kasa barci, ku ce in saya in karanta in yi kuka?

Ustaz Nura: A nan ina tare da kai rabi, Ɗanjuma. Ƙisasi hukuncin Allah ne, aya ta 179 a Baƙara ta ce akwai rayuwa a cikinsa. Amma hadisi na 17 a Arba'una ya ce in za ku yi kisa ku kyautata kisan. Ko dabba an hana a wasa wuƙa a gabanta, an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi mai yin haka ko so yake ya kashe ta sau biyu. To mutumin Baba Audu sau nawa aka kashe shi? Ku lissafa asubahin shekara goma sha ɗaya. Alƙali rataya ɗaya ya yanke masa.

Aminu ɗalibi: Na lissafa Malam, ya haura 4,000.

Maman Sadiƙ: Ban so in yi magana ba, amma zuciyata ta ƙi. Ni ƙanena aka kashe. Ɗan acaɓa ne, shekararsa 24, saura wata biyu bikinsa. Suka tare shi bayan magariba suka karɓe babur, da sun bar shi da ransa. An kama biyu. Shekara shida muna zaryar kotu, yau alƙali ya yi tafiya, gobe ba motar kawo su, jibi lauya bai zo ba. Daga baya aka yanke wa ɗaya kisa. Yana nan har yau, ina jin.

Baba, kun ce mutuminku na kasa kunne da asuba. Innarmu da magariba take kasa nata. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai ta ɗago kai. Ta san ya mutu, ita ta ga gawar, amma wuyanta bai sani ba. Kwanon da take zuba masa tuwo yana nan, ba mai ci a ciki, ba ta kuma yarda a bayar. Malama, a cikin littattafanku akwai wanda ya zauna da irin Inna dare ɗaya ya ƙirga nata numfashin? Ba gatse nake yi ba, tambaya nake. In akwai, a ba ni in karanta.

Malama Rabi: Allah ya jiƙansa, ya ba Inna haƙuri. 'Yar'uwa, kaɗan ne, kuma ba su yi suna kamar waɗancan ba. Na Daoud da Malam Isufu ya ambata yana ciki, uwar mamacin ce ma ta cika littafin, ta ƙi barin makoki ya ƙare har ta cinye rayuwar ɗan da ya rage mata. Amma ba zan yi miki kwana-kwana ba, ma'aunin ya karkata.

Ɗanjuma: To ai ita ce maganata tun farko.

Malama Rabi: A'a, kai cewa ka yi yaudara ce. Ma'auni ya karkata daban, abin da ke cikin kwanon ƙarya ne daban.

Maman Sadiƙ: Abin da ya fi ci mini rai, ba wanda ya taɓa tambayarmu me muke so. Gwamnati ce mai ƙara, mu 'yan kallo ne a benci. Wata rana ina so a rataye shi a gabana. Wata rana in ce me zai ƙara mana. Inna kuwa ko sunansa ba ta son ji.

Ustaz Nura: Wannan shi ne bambancin da nake nufi. A ƙisasi magada ke da magana: su nemi a kashe, su karɓi diyya, ko su yafe. Ƙofa a buɗe take har lokacin ƙarshe, kuma akwai fuskar da za a roƙa. A littattafan Turawan nan inji ne ke tafiya, ba wanda za ka kama ƙafarsa.

Barista Hauwa: Allah gafarta Malam, nata fashi ne da kisa, kuma ka fi ni sanin cewa a hiraba yafiyar magada ba ta kayar da haddi. Sannan buɗaɗɗiyar ƙofar ma tana da nata ciwon. Baba zai fi ni bayani.

Baba Audu: Ƙwarai 'yata. Duk ranar 1 ga Oktoba ko sabuwar shekara ana sa ran gwamna zai yi afuwa. Tun saura wata guda sashen ke canzawa. Masu faɗa su daina, wanda ba ya salla ya fara, kowa na tambayarka ko ka ji wani abu a ofis. Ranar ta zo a karanta suna biyu ko uku, wata shekarar ko ɗaya babu. Makon da ke biye shi ne mafi wuya a aikinmu. Nan ne ake ƙin cin abinci, nan ne wani zai fara magana shi kaɗai, nan ne muke kwashe duk wani abu mai kama da igiya. Sa rai ga ci shi ke kawo yunwa. Wanda ya fid da rai gaba ɗaya ya fi zama lafiya, na ga wannan da idona.

Isufu Damagaram: Ke nan Baba ya kifar da Dostoevsky. Shi ya ce a cire sa rai shi ne azaba, Baba ya ce a bar maka shi kaɗan-kaɗan.

Malama Rabi: Ko kuma kowa ya faɗi wadda ya ɗanɗana. Ni akwai wani ɓangaren da nake so in ji daga Baba, in ba zai takura ba. George Orwell ya yi aikin ɗan sanda a ƙasar Bama, wato Myanmar, zamanin mulkin Ingila, a 1931 ya fitar da ɗan gajeren rubutu a kan wata rataya. Ana tafiya da mutumin zuwa wurin igiya, saura 'yan taku, sai ya ɗan kauce don kada ya taka ruwan da ya kwanta a hanya. Wannan kaucewar ce ta farkar da mai ba da labarin cewa lafiyayyen mutum za su kashe, mai ƙin jiƙa ƙafarsa. Bayan an gama kuma ma'aikatan suka koma suna ta ƙyaƙyata dariya suna shan giya, gawa na nan kusa. Baba, dariyar nan gaskiya ce?

Baba Audu: Gaskiya ce. Ba ta jin daɗi ba ce, ita ke fitowa da kanta. Sau biyu aka yi ina bakin aiki, zamanin soja. Ni ba ni ke ja ba, akwai mai aikin, daga wani gari ake kawo shi. Namu rakiya ne da riƙewa. Na farkon, muna fitowa wani abokin aikina ya ce yunwa yake ji, muka fashe da dariya kamar mahaukata, muka je muka ci ƙosai. Da na koma gida na kwana uku ban iya haɗiye nama ba. Kuma tun daga na biyun ban sake yanka ragon layyata da hannuna ba, maƙwabcina nake wakiltawa. Iyalina sun ɗauka ciwon kafaɗa ne. Jikar nan tawa da ke rubutawa yanzu take ji.

Kada kuma a ce na ce a soke. Akwai wanda na riƙe da na san abin da ya yi wa mata da miji da jaririnsu, ban yi nadamar riƙe shi ba. Hannun ne dai ya ƙi wuƙa.

Aminu ɗalibi: Baba, ni na yi shiru.

Barista Hauwa: Ɗanjuma, in kana son wanda bai ɓoye laifi ba, nemi gajeren labarin Ken Saro-Wiwa, *Africa Kills Her Sun*, na 1989. Ɗan fashi ne ke rubuta wa tsohuwar budurwarsa wasiƙa a daren da za a wayi gari a harbe shi. Ya amsa laifinsa a gaban alƙali, shi da abokansa biyu suka ce a kashe su ba tare da ɓata lokaci ba, ba ya neman tausayin kowa, izgili ma yake wa manyan ɓarayin da ke ofis. Bayan shekara shida, ranar 10 ga Nuwamban 1995, aka rataye marubucin da kansa a Fatakwal tare da mutum takwas.

Ɗanjuma: Wannan zan nema. Amma ban janye ba. Na yarda tsoron gaskiya ne, Baba ya gamsar da ni. Abin da ban yarda ba shi ne a ce don mutum na jin tsoro ya zama shi ne abin tausayin labarin. Wata mai zuwa a zaɓo mana wanda aka rubuta daga gidan mamaci.

Malama Rabi: Na karɓa. Na Daoud za mu yi, Malam Isufu ya taimaka wa marasa Faransanci, akwai kuma fassarar Turanci.

Maman Sadiƙ: Baba, tambaya ɗaya, ku gaya mini gaskiya ko ba daɗi. A shekara taran nan da kuka yi da su, suna tuna waɗanda suka kashe?

Baba Audu: 'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba. Mafi yawa maganarsu ɗaukaka ƙara ce, da lauya, da wanda ya daina kawo musu ziyara. Wasu har na bar wurin suna cewa ba su aikata ba, kuma a cikinsu akwai waɗanda na yarda da su. Masu ambaton mamaci ba su da yawa. Amma mai ninke bargon nan, shi yana yi. Duk Juma'a sai ya ba ni rabin burodinsa ya ce in miƙa wa almajiri a waje, sadaka ga mutumin. Sunan mutumin yake faɗa, cikakke, har da na mahaifinsa. Wani lokacin ina bayarwa, wani lokacin in aiki ya yi yawa in manta da shi a aljihu sai na je gida.

Maman Sadiƙ: Na gode Baba. Ban san ko zan gaya wa Inna wannan ba.